Michiel de Ruyter: Ɗan Mai Dako da Ya Zama Sarkin Yaƙin Teku

Ya kai ɗalibi, idan ka shiga kasuwar Kafanchan ka tsaya a layin masu sayar da atamfa, ba za ka daɗe ba sai ka ji an ambaci Holan. Atamfar Holan ta yi suna a ƙasarmu, amma ƙasar da ke da wannan suna ƙarama ce. Tana bakin teku a arewa maso yammacin Turai, kuma girmanta bai kai na Jihar Kaduna ba. Duk da haka, a ƙarni na 17 jiragen ruwanta sun kai ko'ina a duniya, har manyan ƙasashe kamar Ingila da Faransa suna shakkarta.

A wannan darasi za ka karanta tarihin mutumin da ya fi kowa suna cikin masu jagorancin jiragen yaƙin Holan. Sunansa Michiel de Ruyter. Za ka ga yadda ake jera igwa a cikin jirgin yaƙi na wancan zamani, da dalilin da ya sa wannan jeri yake iya ceton ƙasa ko ya hallaka ta. Za ka kuma ga abin da ya kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma.

Ƙuruciyarsa

An haifi De Ruyter ranar 24 ga Maris, 1607, a garin Vlissingen da ke bakin teku. Mahaifinsa talaka ne, aikinsa dakon gangunan giya. Yaron bai daɗe a makaranta ba, domin hankalinsa yana wajen jiragen da ke shiga da fita. Ana ba da labarin cewa wata rana ya hau hasumiyar cocin garin har ƙololuwa, mutane suna ƙasa suna kallo cikin tsoro. Da iyayensa suka ga karatu ya gagara, sai suka kai shi wurin masu tufka igiyoyin jirgi, inda yake juya musu babbar ƙafar da ke murɗa igiya.

A shekarar 1618, yana ɗan shekara 11, ya shiga jirgi a matsayin yaron aike. Ka tuna cewa jiragen wancan lokaci ba su da inji. Da katako ake ƙera su, iska ce kuma take tura su. Akan kafa dogayen ginshiƙai a tsakiyar jirgi, a ɗaura musu manyan yadudduka masu kauri, iska ta cika su, jirgi ya tafi. Duk wanda bai san halin iska da na igiya ba, ba zai kai jirgi ko'ina ba. De Ruyter ya koyi wannan aiki tun daga tushe. Ya yi fatauci, ya je tekun arewa mai tsananin sanyi wajen farautar manyan dabbobin ruwa waɗanda ake narka kitsensu a yi mai, ya kuma kori 'yan fashin teku. A shekarar 1637 ya zama kyaftin.

Daga baya ya mallaki jirgin kansa, yana kai haja Maroko da tsibiran Karebiyan. A Maroko ya riƙa fansar matuƙan jirgi Kiristoci waɗanda aka kama aka mai da su bayi. Zuwa shekarar 1652 ya tara abin da zai ishe shi, ya yi niyyar zama a gida ya huta. Amma a wannan shekara yaƙi ya ɓarke tsakanin Holan da Ingila, aka roƙe shi ya karɓi jagorancin wasu jiragen yaƙi.

Darasin yaƙin farko

A watan Agusta na 1652 ya yi wa wani ayarin jiragen fatake rakiya. Kusa da garin Plymouth wani kwamandan Ingila mai suna George Ayscue ya tare shi. De Ruyter ya kore shi, ayarin ya wuce lafiya, sunansa ya bazu a Holan. Ka riƙe sunan Ayscue, domin za ka sake haɗuwa da shi.

Amma wannan yaƙi bai yi wa Holan daɗi ba. Yawancin jiragenta na fatake ne da aka yi hayarsu aka ɗora musu igwa. Dabararsu ta dā ita ce a matsa kusa da jirgin abokan gaba, a tsallaka cikinsa da takubba da ƙananan bindigogi. Ingilishi kuwa sun ƙera manyan jirage domin yaƙi kaɗai. Tun 1637 suna da wani jirgi mai hawa uku wanda ke ɗauke da igwa fiye da 100. A shekarar 1653 kuma suka kafa doka cewa jiragensu su riƙa bin juna a layi ɗaya lokacin faɗa.

Me ya sa layi? Jirgi dogo ne siriri. Goshinsa da bayansa ba su da wurin ajiye igwa sai kaɗan, saboda haka kusan dukan igoginsa suna jere a gefen dama da gefen hagu, bakinsu yana leƙowa ta ƙananan tagogi. Idan jirage sun cakuɗe, wani zai tare wa ɗan'uwansa hanyar harbi. Idan kuwa sun bi juna kamar taragun jirgin ƙasa da ke barin tashar Kafanchan, kowanne zai juya gefensa ga abokan gaba, igogi su tashi baki ɗaya. Da wannan dabara Ingilishi suka rinjayi Holan. A watan Agusta na 1653 aka kashe babban kwamandan Holan, Maarten Tromp, a fagen fama.

Shugabannin Holan sun gane cewa jarumtaka kaɗai ba ta isa ba. Ƙarƙashin jagorancin Johan de Witt, wanda ya zama aminin De Ruyter, suka fara ƙera jiragen yaƙi na gaske.

Tafiyarsa zuwa Afirka ta Yamma

A wancan zamani Turawa sun giggina kagarai a gaɓar Afirka ta Yamma. Kagara gida ne mai kaurin bango wanda aka girke wa igwa. Babbar kagarar Holan tana Elmina, a ƙasar da muke kira Gana a yau, kuma daga hannun Fotugal suka ƙwace ta a 1637. Can arewa da wannan gaɓa ne Gwanja take, inda fataken Hausa suka riƙa zuwa sayen goro.

A shekarar 1664 wani kwamandan Ingila, Robert Holmes, ya ƙwace yawancin wuraren cinikin Holan a wannan gaɓa. De Ruyter yana Bahar Rum a lokacin. De Witt ya aika masa da umarni a asirce, ya tashi da jiragen yaƙi 12. A watan Oktoba na 1664 ya karɓo tsibirin Gore, kusa da Dakar ta ƙasar Sanagal. Marubucin tarihinsa, Gerard Brandt, ya ba da labarin cewa a wannan yanki ya haɗu da wani dattijo Ba'afirke wanda ake kira Jan Kompani. Tare suka yi aikin jirgi suna yara, suka gane juna bayan shekaru fiye da 40.

A farkon 1665 ya isa Elmina. A watan Fabrairu ya ci kagarar Ingila da ke Kormantin, aka canza mata suna zuwa Kagarar Amstadam. Kangonta yana nan tsaye har yau.

A nan ya kamata ka tsaya ka yi tunani. Ba zinariya kaɗai ake saye a waɗannan kagarai ba. Ana tsare mutane a cikinsu, maza da mata da yara, kafin a tsallaka da su teku a sayar a Amurka. Nasarar De Ruyter ta mayar wa kamfanin Holan ikon ci gaba da wannan mugun ciniki. Mutumin da ya fanshi bayi a Maroko, shi ne kuma ya tsare wa ƙasarsa hanyar cinikin bayi a Gana. Masana tarihi a Holan suna muhawara a kan wannan har gobe.

Daga Afirka ya tsallaka Tekun Atlantika, ya kai hari tsibirin Barbados bai yi nasara ba, sannan ya komo gida a watan Agusta na 1665. Ya tarar ana makoki. Wata biyu kafin isowarsa Ingilishi sun fatattaki jiragen Holan a Lowestoft, wuta ta kama albarushin jirgin babban kwamanda, ya fashe, mutum ƙalilan suka tsira. Nan da nan aka naɗa De Ruyter shugaban dukan jiragen yaƙin ƙasar.

Jirgi mai igwa 80

An ba shi sabon jirgi wanda hukumar jiragen yaƙi ta Rotadam ta ƙera a 1665. Sunansa De Zeven Provinciën, wato Larduna Bakwai, domin larduna bakwai ne suka haɗu suka zama ƙasar. Tsawonsa kamar mita 46 ne, wato bai kai rabin filin ƙwallo ba, faɗinsa kuma kamar mita 12. A cikin wannan ɗan wuri mutum fiye da 400 suke kwana suke tashi tare da igwa 80.

Ana sanin girman igwa da nauyin dunƙulen ƙarfen da take harbawa. Da laba ake auna shi, laba ɗaya kuwa kusan rabin kilo ce. Ga yadda aka jera su.

A hawa na ƙasa, kusa da ruwa, akwai igwa 28. Guda 12 masu laba 36 ne, guda 16 masu laba 24. Harsashi mai laba 36 ya kai kilo 18, ya kusa nauyin jarkar ruwa mai lita 20. A hawa na sama akwai igwa 26. Guda 14 masu laba 18 ne, guda 12 masu laba 12. Can bisa, a kan ƙananan benaye na goshi da na baya, akwai ƙananan igogi 26 masu laba 6. Idan ka haɗa 28 da 26 da 26, za ka sami 80.

Ka lura da abu uku game da wannan jeri.

Na farko, masu nauyi suna ƙasa, marasa nauyi suna sama. Ka taɓa ganin yadda ake loda buhunan citta a babbar mota a Kachia ko Kwoi? Direba mai hankali ba ya barin nauyi ya taru a sama, domin motar za ta kife a kwana. Haka jirgi yake. A shekarar 1628 aka gama ƙera wa Sarkin Suwidin jirgi mai suna Vasa, aka cika hawansa biyu da manyan igogi. Ranar da ya fara tafiya iska ta karkata shi, ruwa ya kwararo ta tagogin ƙasa, ya nutse tun bai yi tafiyar kilomita 2 ba.

Na biyu, hawa biyu kawai ke cike da igwa, ba uku ba kamar manyan jiragen Ingila. Dalili shi ne ruwan gaɓar Holan ba shi da zurfi, kuma cike yake da tuddan rairayi. Jirgi mai hawa uku yana nutsa ƙwarai a ruwa, zai kafe kafin ya fita teku. Dole masu ƙira suka yi jirage masu faɗin ciki waɗanda ba sa bukatar zurfi.

Na uku, a hawa ɗaya akwai igogi iri biyu. Manyan igogi suna da tsada, ba su kuma wadata ba, musamman na tagulla. Ga shi kuma hukumomi 5 ne ke kula da jiragen yaƙin ƙasar, kowace da rumbunta da aljihunta. Saboda haka jiragen Holan sukan ɗauki abin da ya samu. Wannan yana ƙara wa maharba aiki, domin kowace igwa da girman harsashinta da mudun albarushinta.

Harba igwa ɗaya aikin mutane da yawa ne. Wani zai goge cikinta da jiƙaƙƙen tsumma don kashe sauran wuta. Wani ya cusa ƙunshin albarushi, wani ya sa harsashi. Sai a ja ta da igiyoyi har bakinta ya fita ta taga, a kunna wuta a ƙaramin ramin da ke bayanta. Idan ta tashi takan zabura da baya da ƙarfi, igiya mai kauri ce ke tare ta. Albarushi kuwa can ƙarƙashin jirgi ake ɓoye shi, yara ne ke gudu suna kawowa kaɗan kaɗan. Idan mutum ɗaya ya yi kuskure, jirgi duka na iya tashi. Shi ya sa De Ruyter ya dage a kan horo. Ya sa jiragensa su riƙa gwada tafiya a layi, ya kuma kyautata amfani da tutoci wajen ba da umarni daga nesa.

Ranar gwaji

Daga 11 zuwa 14 ga Yuni, 1666, aka gwabza faɗan da ake kira Yaƙin Kwana Huɗu. A rana ta farko iska tana da ƙarfi, kuma daga wajen Ingilishi take busowa. Ta karkata jiragensu zuwa gefen da suke harbi, tagoginsu na ƙasa suka kusa taɓa ruwa, da yawa suka kasa buɗe su. Manyan igoginsu suka zama kayan banza. Jiragen Holan kuwa iskar ta ɗaga gefen da ke fuskantar abokan gaba, suka yi ta harbi da igogin ƙasa. A rana ta uku wani babban jirgin Ingila mai hawa uku ya kafe a tudun rairayi. Kwamandan da ke cikinsa ya ba da kai, aka ƙone jirgin. Wannan kwamanda shi ne George Ayscue. Wani Bafaranshe da ya shiga jirgin De Ruyter bayan nasarar ya rubuta cewa ya same shi yana share ɗakinsa da kansa, yana ba kajinsa tsaba.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A watan Agusta na wannan shekara Ingilishi suka rama, da ƙyar De Ruyter ya janye jiragensa. Amma a watan Yuni na 1667 rundunarsa ta kutsa kogin Medway, kusa da Landan, ta tsinke sarƙar da aka gitta a kogin, ta ƙone manyan jirage, ta jawo babban jirgin Sarkin Ingila mai suna Royal Charles zuwa Holan. Abin mamaki, ba su iya amfani da shi ba, domin ya fi ƙarfin zurfin ruwansu. Daga baya aka farfasa shi, amma adon bayansa yana gidan tarihi na Amstadam har yanzu. A watan Yuli na 1667 aka yi sulhu a garin Breda.

Shekarar masifa

Mutanen Holan suna kiran 1672 shekarar masifa. Faransa ta afka musu ta tudu, Ingila da Faransa suka haɗa jirage don sauke sojoji ta teku. Cikin ruɗani 'yan tarzoma suka kashe Johan de Witt da ɗan'uwansa. De Ruyter ya yi baƙin cikin rashin amininsa, amma bai bar aikinsa ba.

Jiragen abokan gaba sun fi nasa yawa da girma. Sai ya mai da rauninsa ya zama ƙarfi. Ya girke rundunarsa a tsakanin tuddan rairayi da ke kusa da Vlissingen, ruwan da ya sani tun yana yaro. Manyan jirage suna tsoron shiga, shi kuwa yakan fito lokacin da iska ta yi masa daidai, ya yi ɓarna, ya koma. Sau huɗu aka kara a 1672 da 1673, faɗan ƙarshe kuma ranar 21 ga Agusta, 1673, kusa da tsibirin Texel. Ko soja ɗaya ba a sauke a gaɓar Holan ba. Ingila ta yi sulhu a 1674. Matuƙansa suna kiransa da wani suna mai ma'anar Kaka, saboda yadda yake kula da abincinsu da lafiyarsu.

Rasuwarsa

A shekarar 1675 aka aike shi Bahar Rum ya taimaki Sifen a kan Faransa. Jiragen yaƙi 18 kawai aka ba shi. Ya faɗa wa hukuma cewa ba su isa ba, amma ya bi umarni. A watan Fabrairu na 1676, a garin Naples na Italiya, ya sa aka saki fastoci 26 'yan ƙasar Hangari waɗanda aka mai da su bayi masu tuƙa jirgi saboda addininsu. Mutanen Hangari sun kafa masa dutsen tunawa a garin Debrecen.

Ranar 22 ga Afrilu, 1676, kusa da tsibirin Sisili, harsashin igwar Faransa ya same shi a ƙafafu. Ya yi jinyar kwana bakwai, ya rasu ranar 29 ga Afrilu yana da shekara 69. Sarkin Faransa, Louis na 14, ya ba da umarni a harba igwa don girmama shi idan jirgin da ke ɗauke da gawarsa ya gitta gaɓar Faransa. An binne shi a Sabon Coci na Amstadam ranar 18 ga Maris, 1677.

Kai da ka tashi nesa da teku, tsakanin duwatsun Kagoro da ruwan Matsirga, wataƙila ba za ka taɓa hawa irin wannan jirgi ba. Amma ka ga yadda ɗan mai dako ya tsare ƙaramar ƙasa da sanin ruwanta, da horon mutanensa, da ajiye kowane nauyi inda ya dace. Ka kuma ga cewa igogin da suka kare 'yancin Holan su ne suka tsare kagaran bayi a Afirka. Idan za ka auna shi, ka ɗora duka biyun a kan sikeli.

Sababbin kalmomi

Igwa: babbar bindiga mai harba dunƙulen ƙarfe. Jam'inta igogi.
Albarushi: garin da ke kama wuta ya tura harsashi.
Kagara: gini mai ƙarfi na tsaro.
Laba: ma'aunin nauyi, kusan rabin kilo.
Kafe: tsayawa a wuri ɗaya ba gaba ba baya.
Fansa: biyan kuɗi don a saki mutum.

Tambayoyi

1. Wane aiki De Ruyter ya yi kafin ya shiga jirgi?
2. Me ya sa jiragen yaƙi suke bin juna a layi?
3. Igwa nawa ce a hawa na ƙasa na jirgin Larduna Bakwai, kuma me ya sa masu nauyi suke can?
4. Don me Holan ba ta yi amfani da jirgin Royal Charles ba?
5. Ku tattauna a aji: shin alherin da mutum ya yi wa wasu yana share cutar da ya yi wa wasu? Ku kawo hujja daga darasin.